Tarihin Douglas Clark, Mai Dakon Kwal Da Ya Zama Gwarzon Ƙwallo Da Kokawa

Yau za mu ba masu karatu labarin wani Bature mutumin Ingila, sunansa Douglas Clark, wanda aka haifa cikin 1891, ya rasu cikin 1951. Shi dai ɗan talakawa ne, bai riƙe sarauta ba, bai yi zurfi cikin karatu ba. Da ƙarfin jikinsa ya ci abinci tun yana yaro har ya tsufa. Amma har yanzu in aka zauna lissafin mazajen da suka yi wasan ƙwallon zari-ruga a Ingila ta Arewa, ba a kai wa goma ba a ambace shi ba. Abin da ya sa muka ga ya kamata a san labarinsa shi ne, aikin da ya riƙe a filin wasa irin aikin nan ne mai nauyi wanda 'yan kallo ba su cika tafa wa ba, ya kuwa riƙe shi shekara ashirin, har bayan da likitoci suka yanke cewa ya gama.

Asalin Wasan

Kafin mu shiga labarin mutumin, sai mu ɗan bayyana wasan, don yawancin mutanenmu ba su saba da shi ba. Ƙwallon zari-ruga ba zagayayye ba ne, siffar ƙwai gare shi. Ɗaukarsa a ke yi da hannu a ruga da shi, abokan gaba kuwa suna ƙoƙarin kama mai shi su kā da shi. Wanda ya kai shi bayan layin abokan gaba ya dangwarar da shi ƙasa ya ci. A zamanin Clark wannan ci maki 3 ne, bugun ƙwallo ta tsakanin sanduna kuwa maki 2.

Da fari wasan iri ɗaya ne ko'ina cikin Ingila, kuma doka ta hana a biya ɗan wasa ko kwabo. Wannan doka ba ta dami 'ya'yan masu hali na Kudu ba. Amma a Arewa masu wasan leburorin masaƙa ne da masu haƙar kwal, waɗanda su ke aiki har ran Asabar. Duk wanda ya bar aiki ya tafi wasa, an yanke masa ladan ranar ke nan, iyalinsa kuwa su ji a tukunya. Ƙungiyoyin Arewa suka roƙi izinin mayar wa 'yan wasansu abin da suka yi hasara, shugabannin wasan suka ƙi. Saboda haka ran 29 ga watan Agusta, 1895, wakilan ƙungiyoyin suka taru a masaukin baƙi na George cikin garin Huddersfield, ƙungiya 22 suka ɓalle suka kafa tasu hukuma, suka yarda a riƙa biyan ɗan wasa har sule 6 a madadin ranar aikinsa. Cikin 1906 suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13 a kowane gefe. Wannan reshe na masu 13 shi ne wanda Clark ya yi.

Su 13 ɗin nan kashi biyu ne. Bakwai 'yan baya ne, su ne masu gudu da gocewa, su ne kuma yawanci su kan ci, sunansu ya fito a jarida. Shida kuwa 'yan gaba ne, ƙarfafa. A zamanin Clark, in wasa ya tsaya, sai shidan nan su sunkuya su sarƙe kafaɗu da na abokan gaba, a jefa ƙwallo tsakanin ƙafafunsu, a yi ta turereniya har gefe ɗaya ya fisge shi. In 'yan gaba ba su samo ƙwallo ba, mai gudu sai ya tsaya hannu rabbana komi saurinsa. Clark ɗan gaba ne, mazauninsa kuwa can ƙarshen turereniya, inda a ke bukatar mutum mai ƙarfin tura, mai kuma saurin zamewa ya tare abokin gaba.

Ƙuruciyarsa

An haifi Douglas Clark ran 2 ga watan Mayu, 1891, a Ellenborough, kusa da garin Maryport na bakin teku, cikin lardin Cumberland. Ubansa mai sayar da kwal ne. Ƙasar sanyi ce, a lokacin kuwa kowane gida sai da kwal a ke jin ɗumi a yi girki, saboda haka tun yana saurayi aikinsa shi ne saɓa buhunan kwal yana kai wa gida gida. Buhun kwal na Ingila kuwa a lokacin laba 112 ne. Nan ya sami ƙarfin baya da na damtse wanda ya ci moriyarsa har iyakar ransa.

Mutanen Cumberland suna da kokawarsu ta gargajiya. Mutum biyu su kan rungumi juna ƙirji da ƙirji, kowa ya ɗora haɓarsa bisa kafaɗar dama ta abokinsa, ya sarƙe hannuwansa a bayansa. Wanda ya fara taɓa ƙasa da wani abu ban da tafin ƙafa, ko ya saki riƙo, an kā da shi. Clark ya tashi cikin wannan kokawa, yana kuma wasan ƙwallo a wata ƙaramar ƙungiya ta samari mai suna Brookland Rovers. Dabarun biyu suka taimaki juna, gama wanda ya iya girgiza ƙato ya raba shi da ƙasa, kā da mai gudu da ƙwallo ba zai gagare shi ba.

Cikin 1909, yana da shekara 18, ƙungiyar Huddersfield ta lardin Yorkshire ta ɗauke shi, aka biya fam 30 na sa hannu. Garin nan na masaƙun ulu, inda aka haifi wasan, shi ya zama gidansa. Bai taɓa yi wa wata ƙungiyar kuɗi wasa ba sai ita.

Ƙungiyar Da Ba Ta Da Na Yarwa

Ya zo a kan gaɓa. A lokacin nan Huddersfield tana tattara gwanaye daga ko'ina a filinta na Fartown. Shugaban 'yan wasa shi ne Harold Wagstaff, tsaran Clark, wanda har yau a ke ganin ba a yi ɗan tsakiya kamarsa ba a zamaninsa. Akwai Albert Rosenfeld mutumin Ostareliya, wanda ya ci sau 80 cikin shekarar wasa ta 1913 zuwa 1914, adadin da ba wanda ya kai shi tun daga ran nan. Akwai Johnny Rogers da Ben Gronow daga ƙasar Wales, da Stanley Moorhouse, da Fred Longstaff. Saboda kowane gurbi da gwaninsa, mutane suka sa musu suna ƙungiyar da ta tara dukan baiwa.

To, a nan ya kamata mai karatu ya lura. Cin 80 ɗin nan na Rosenfeld, kowane ɗaya daga cikinsu sai da wani ya fara sunkuyawa cikin laka ya ƙwato ƙwallon, kafin ya bi hannu hannu ya iso bakin fili. Clark da Gronow da Longstaff da 'yan'uwansu su ne masu wannan aiki. Wagstaff ya kuma koya wa 'yan gabansa kada su tsaya ga tura kaɗai, su riƙa bin mai gudu suna karɓar ƙwallo suna miƙawa kamar 'yan baya. Clark ya fi kowa amfana da wannan koyarwa. Cikin 1913, a wasan ƙarshe na neman zakaran ƙasa, Huddersfield ta ci Wigan 29 da 2, shi kaɗai ya kai ƙwallo bayan layi sau uku. Ga ɗan gaba, a rana irin wannan, abu ne da ba a saba gani ba.

Sun zama zakarun ƙasa cikin 1912, da 1913, da 1915. Sun ɗauki babban Kofin Ƙalubale cikin 1913 da suka ci Warrington 9 da 5. Tun kafin wannan, a shekarar wasa ta 1911 zuwa 1912, an riga an zaɓi Clark cikin 'yan wasan ƙasa da suka kara da baƙi daga Ostareliya, yana da shekara 20.

Ranar Sidni

Cikin 1914 aka zaɓi gwanayen Biritaniya su tafi Ostareliya da Niyu Zilan ta jirgin ruwa, Wagstaff ne shugaba, Clark yana ciki. An shirya karawa uku da Ostareliya, wanda ya ci biyu shi ne da girma. Baƙi suka ci ta fari 23 da 5 ran 27 ga watan Yuni. Bayan kwana biyu rak aka sake, masu gida suka rama 12 da 7. Sai masu gida suka ce a yi ta uku ran Asabar mai zuwa. Shugabannin tafiya suka ƙi, don da yawa cikin mutanensu suna jiyya. Gardama ta yi tsanani har aka buga waya Ingila, hukumar can ta amsa da umurni a yi wasa yadda masu gida su ke so.

Ran 4 ga watan Yuli suka shiga babban filin Sidni. A zamanin nan babu musanya. In mutum ya ji ciwo ya fita, gurbinsa sai ya zauna wofi, doka ba ta yarda da musanya ba sai cikin 1964. Ba a daɗe da farawa ba Frank Williams, mai gudun gefe, ya gurɗe a ƙafa. Clark kuwa babban yatsansa ya karye. Aka ɗaure masa, ya koma cikin turereniya. Da aka tafi hutun rabin lokaci Biritaniya tana da 9, Ostareliya 3.

Da aka komo, ƙwallo ya zo hannun Clark, ya nufi layi a guje. Wani ɗan Ostareliya mai suna Halloway ya taso tare shi. Al'adar mai ƙwallo ita ce ya miƙa tafin hannu ya ture mai tarewa. Clark ya miƙa, sai ya tuna da karyayyen yatsa, ya janye hannun ya kai kafaɗa. Halloway ya ja da baya, Clark ya tafi ƙasa da dukan nauyinsa, ƙashin da ya haɗa kafaɗa da wuya ya tashi aiki. Aka ɗaure shi, ya yi ƙoƙarin komawa har sau biyu, jiki ya ƙi. Wagstaff ya ba da labari daga baya cewa da hawaye ƙaton nan ya bar fili. Williams shi ma ƙafa ta ƙi, ya fita. Billy Hall ya bugu a kai, aka ɗauke shi. Saura mutum 10 gaban 13, ga wajen rabin sa'a a gaba.

Goman nan suka tsare layinsu. Ana cikin haka Wagstaff ya keta, ya miƙa wa Johnson, wani ɗan gaba da aka mayar gefe don toshe gurbin Williams. Johnson ya sa ƙwallo ƙasa ya yi ta korarsa da ƙafa har bayan layi. Alf Wood, wanda ya shiga wasan da karyayyen hanci, ya buga ta tsakanin sanduna. Aka tashi 14 da 6. Masu jarida suka sa wa wasan sunan Rorke's Drift, watau wani mashigin kogi a Afirka ta Kudu inda sojan Ingila kaɗan suka tsare sansaninsu gaban rundunar Zulu cikin 1879. Da wannan suna a ke kiransa har yau.

Kofi Huɗu, Sa'an Nan Yaƙi

Wata guda daidai bayan wasan nan, ran 4 ga watan Agusta, 1914, Ingila ta shiga yaƙi da Jamus. Duk da haka ba a tsai da wasa nan da nan ba. Clark ya warke, ya koma Fartown, shekarar nan kuwa ita ce ƙololuwar ƙungiyarsu. Kofi huɗu a ke nema a lokacin, suka kwashe duka. Sun ci Hull 31 ba ko ɗaya a Kofin Yorkshire, sun zo na fari a jerin ƙungiyoyin lardin, sun ci Leeds 35 da 2 a wasan zakaran ƙasa, sun ci St Helens 37 da 3 a Kofin Ƙalubale. Ƙungiya uku kaɗai suka taɓa yin haka: Hunslet cikin 1908, Huddersfield cikin 1915, Swinton cikin 1928. Ba kuwa za a ƙara ba, gama an daina gasar larduna tuni.

Daga nan ƙungiya ta watse, samari suka sa kakin soja. Fred Longstaff, abokin turereniyar Clark, wanda suka je Ostareliya tare, an kashe shi a Faransa cikin 1916. Clark ya shiga rundunar da ke kai wa mayaƙa kaya, aikinsa tuƙin babbar mota. Kada mai karatu ya zaci aikin nan na bayan fage ne. Motocin su ke kai harsasai har gindin igwa, bisa hanyoyin da abokan gaba suka riga suka auna, galibi da dare ba fitila.

Cikin 1917 yana ƙasar Beljiyam, a yaƙin Passchendaele, inda ruwan sama da harbin igwa suka mai da ƙasa taɓo mai haɗiye mutum da doki. Can ya shaƙi hayaƙi mai guba, can kuma harsashin igwa ya fashe kusa da shi, ɓaraguzan ƙarfe suka shige shi wuri 18. An ba shi lambar girma ta soja saboda jaruntaka. Da likitoci suka duba shi don sallama, suka rubuta cewa nakasarsa ta kai kashi 95 cikin 100, suka gargaɗe shi ya rabu da ƙwallo da kokawa in yana son ransa.

Komowarsa

Mu duba abin da wannan takarda ta ke nufi ga mutum irinsa. Ba shi da ofis da zai koma, ba shi da alƙalami. Jarinsa duka jikinsa ne, ga shi an ce jarin ya ƙone, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Da ya karɓi fansho ya zauna a gida, ba mai zarginsa.

Bai zauna ba. Ya yi ta motsa jiki a hankali har ƙarfi ya komo, da aka buɗe wasa bayan yaƙi sai ga shi cikin turereniyar Huddersfield. Cikin watan Afrilu, 1920, yana cikin waɗanda suka ci Wigan 21 da 10 a filin Headingley na Leeds, suka sake ɗaukar Kofin Ƙalubale, karo na uku ke nan gare shi. A wannan shekara aka sake zaɓensa tafiya Ostareliya da Niyu Zilan ƙarƙashin Wagstaff. Wannan karon Ostareliya ta ci biyu cikin uku, amma baƙin sun rinjayi Niyu Zilan. Jama'ar Sidni da suka ga an fitar da shi da karaya shekara shida da suka wuce, suka sake ganinsa cikin fili.

Ba mu kawo wannan don mu ce a raina maganar likita ba. Dubban abokan yaƙinsa da suka sami irin rauninsa ba su ƙara tashi ba, ba kuwa don sun kasa shi zuciya ba. Shi Allah ya ba shi jiki na daban, dakon kwal da kokawa suka ƙara gina shi. Abin da ya ke nasa na kansa shi ne, da ya ga akwai sauran ƙarfi bai bar shi ya lalace ba.

Ya ci gaba da yi wa Huddersfield wasa har 1929, yana da shekara kusan 38, sa'ad da yawancin tsaransa sun daɗe da ajiye takalmi. Jimlar wasanninsa a ƙungiyar 485 ne, ya kai ƙwallo bayan layi sau 99. Ya yi wa Biritaniya wasa sau 11, lardinsa na Cumberland kuwa sau 31. In aka tuna shekarun da yaƙi ya cinye, waɗanda su ne tsakiyar ƙarfinsa, sai a ga adadin nan ba ƙarami ba ne.

Kokawa Da Ƙarshen Rayuwa

Kokawa ma bai bar ta ba. Kowace shekara a kan yi babban taron wasanni a ƙauyen Grasmere, cikin duwatsu da tafkunan Ingila ta Arewa, inda 'yan kokawar gargajiya su ke haɗuwa. Clark ya kā da kowa a ajin masu nauyi cikin 1922, ya sake cikin 1924. Da ya bar ƙwallo, lokacin da wani zai nemi kujera, sai ya shiga kokawar kuɗi ta zamani wadda ta yaɗu a Ingila bayan 1930. Ya zama zakaran Biritaniya na masu nauyi, har masu shirya kokawa na can suka naɗa shi zakaran duniya. Ya koma Ostareliya, wannan karon ɗan kokawa, yana da shekara arba'in da ɗoriya.

Ya rasu a Huddersfield cikin watan Fabrairu, 1951, yana da shekara 59. Aka kai shi Maryport aka binne, kusa da inda ya fara saɓa buhu. Cikin 1988 hukumar wasan ta buɗe wani jeri na girmamawa don gwanayen da suka fi kowa, Wagstaff da Rosenfeld suna cikin na fari da aka sa. Clark sai cikin 2005 aka sa sunansa, shekara 54 bayan rasuwarsa. Masu gudu aka fara tunawa, sa'an nan aka waiwayi wanda ya samo musu ƙwallo.

Yawancin masu karanta wannan shafi sun san irin wannan matsayi. Akawun da ya kwana yana daidaita littafin kuɗi, ba sunansa a ke kira ran da aka yaba wa ma'aikata ba. Malamin da ya koya wa yaro baƙaƙe a aji ɗaya, ba shi a ke gayyata ran da yaron ya zama babban mutum ba. Amma in suka saki, abin da ke bisansu duka sai ya zube, kamar yadda gudun Rosenfeld ba shi da amfani in turereniya ta karye. Douglas Clark ya riƙe nasa gurbi da karyayyen yatsa a Sidni, ya riƙe shi da mota ƙarƙashin igwa a Beljiyam, ya komo ya riƙe shi shekara goma bayan an ce ya nakasa. Yabo ya yi jinkiri, amma ya zo, ya kuwa tarad da aikin a cike.